Fangalin Ƙishirwa na Malam Sambo

Ina tankaɗe a gidan aurena a Managil, nan ƙasar Sudan, sai yayana Ummaru ya faɗo ba sallama, jini ya bushe a gaban rigarsa. Ya ce, "Hadiza, an kashe Baba." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mahaifinmu Malam Sambo manomin alkama ne a bakin kogi, kudu da Rufa'a. Da sabon iri na hukuma ya shigo, kowa ya watsar da na gado, shi kuwa ya kafe. Yana da farar baladi, wato 'yar ƙasa, da gajera 'yar Habasha, da ja mai gashi wadda kakarmu ta ƙullo a bakin zane tun daga Sakkwato. Kowace da tulunta.

Duk shekara yakan ware fangali guda a ƙarshen gona, ya shuka su layi-layi. Da sun fara ɗaukar ciki sai ya toshe musu ruwa, ya tsuguna yana murza ganye. Wadda ta jure ta fid da kai, ita ce irin baɗi. Inna takan kira shi marar imani. Yakan yi dariya ya ce, "Ran da kogi ya ja baya, wagga za ta cishe ku." Bara ƙwari suka cinye tulun jar, ɗan abin da ya saura ya zuba a fangalin nan, har Inna ta daina yi masa magana.

A wajenmu, gonar da aka gama da ita akan sakar wa makiyaya. Wasu suka gangaro da raƙuma, suka ga fangali ya yi rawaya, suka ɗauka an bar shi. Baba ya sheƙo yana ihu: "Ya zol, bawan Allah, ba ta mutu ba! Iri na!" Ya maka wa raƙumi ƙotar fartanya a hanci. Mai raƙumin ya sauke masa gora a ƙeya, ya ƙara masa a baki har haƙora suka zube. Baba ya ja ciki, ya kife a kan layin jar. Suka bi shi da duka, raƙumi ya taka masa baya, haƙarƙari ya karye, bai mirgina ba. Tsoho ne fa, da furfurarsa! Wallahi har yau zuciyata tafasa take, ban yafe ba.

Kafin Ummaru ya iso sun kora sun tafi, fangalin ya zama fili. Da ya juya gawar, sai ga zangarniyar jar a ƙarƙashin ƙirjinsa, a kwance, cike da ƙwaya.

Allah ya jiƙan Baba, ya shayar da shi daga Alkausara. Allah ya ba Inna haƙuri, ya riƙa mana abin da ya bari, amin.

Da muka sussuke zangarniyar, ba ta wuce cikin tafi ba, kuma Inna ta hana a wanke jinin. In sanyi ya shigo Ummaru zai shuka ta. Ya ce shi ma zai toshe mata ruwa, Inna kuwa ba ta kira shi marar imani ba.