Yaya Sule da Sarauniyar Taga

Duk wanda ya san Yaya Sule a firamarenmu ta Panshekara ya san ba ya goge allo da hannunsa. Allo da sarkinsa, randa da nata, hatta kwandon shara. Kowane yaro da muƙaminsa, shi kuwa Yaya ba ya taɓa aikin wani ko sama za ta faɗo. Ni ƙanwarsa ce, ni ma malama ce kamarsa, ajina na jikin nasa, don haka ni na fi kowa shan takaici.

Ran nan Sarkin Alli ya makara. Na leƙa, ga kwalin alli a kan tebur, ga Yaya yana zana lissafi a iska da yatsa.

"Haba Yaya! Ga alli nan a gabanka!"

"Malama, so kike in yi juyin mulki?"

Hedimasta ma bai tsira ba. Ya zo shan ruwa, Sarkin Randa ya ce ya bi layi. Da ya kawo ƙara, Yaya ya ce, "Ranka ya daɗe, ai an yi maka alfarma. Ni jiya ban samu ba."

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne na 'yata Rabi. Yarinyar da ko gaisuwa sai ta ɓuya a bayana, ita ya naɗa Sarauniyar Taga. In iska ta kwaso warin fatu daga kamfanonin jima na Challawa, ita za ta miƙe ta ba da umarnin rufewa, da babbar murya.

"Yaya, ka ba ta tsintsiya. Yarinyar nan ba ta magana."

"Shi ya sa."

Rannan mai duba makarantu ya zo, wari kuwa ya taso. Ya toshe hanci ya ce, "Malam, a rufe taga mana!"

"Yallabai, ba hurumina ba ne."

Innalillahi! Ina bakin ƙofa, kamar ƙasa ta tsage in shige. Rabi ta sunkuyar da kai, Yaya ya harɗe hannu. Baƙon ya gaji ya miƙa hannu zai rufe da kansa. Sai muka ji 'yar muryar Rabi:

"Yallabai, a bari. Aikina ne. A rufe tagogi!"

Takardar gargaɗi aka aiko wa Yaya. Ya karanta tsaf, ya miƙa wa Sarkin Shara.

Yau Rabi ce ke jagorantar ma'aikata a wani kamfanin roba a Sharada. Da ciwo ya kwantar da Yaya, na tarar hayaƙin tireloli na shigo masa ɗaki yana ta tari. Na nufi taga a fusace.

"A'a, Malama," ya ce da ƙyar. "Mai muƙamin na hanya."

Rabi ta iso da kayan aiki a jikinta, ta rufe tana hawaye.

Allah Ya jiƙan Yaya Sule, Ya buɗe masa taga zuwa Aljanna a kabarinsa, wadda ba mai rufewa.