Bijimin da Ya Fi Ƙarfin Ƙofarsa

Shekarar da ɓarayin shanu suka matsa wa ƙauyukanmu na wajen Kafur, maigidana, Malam, ya sayo maraƙi a kasuwar Malumfashi, ya ce ba zai ɗaure shi a waje ba. Akwai wani ɗaki a gidanmu da muke ajiye masara, mai ƙaramar ƙofa da taga ɗaya. Malam ya kwashe buhunan, ya shigar da maraƙin. Ya wuce ta ƙofar nan kamar ɗan akuya, ko gefe bai goga ba.

Tun daga ranar bai sake fitowa ba. Malam ke kai masa harawa da dusa da angurya, ni ke kai ruwa da kanwa, taki kuma a kwashe a kwando. Da yake kullum muna ganinsa, babu wanda ya lura da yadda yake cika ɗakin. Da babbar salla ta gabato, wani Alhaji mai fataucin shanu ya zo daga Danja, ya leƙa ta taga, ya yaba, suka daidaita da Malam. Washegari da hantsi ya dawo da mota. Aka sa wa bijimin igiya aka ja. Kai ya fito bayan an karkata ƙahoni, amma kafaɗu da tozo suka ce ba a nan ba. Da ƙyar aka mayar da shi ciki.

Nan rigima ta tashi. Malam ya ce ƙanensa ne, wanda ya gina ɗakin, ya yi ƙofa kamar ramin gafiya. Ƙanen ya ce shi don masara ya gina, masara kuwa ba ta ƙara girma bayan an shigar da ita. Da suka gaji da juna sai suka juyo kaina, wai kanwar da nake ba shi ce ta buɗe masa ciki.

Surukata, wadda duk gidan muke kira Inna, tana zaune a inuwa tana ɓarar gyaɗa. Tun da na zo gidan ban taɓa jin ta tambayi wanda ya yi ɓarna ba. In tulu ya fashe, abin da za a ɗebo ruwa da shi take tambaya. Ta bari suka yi shiru don kansu, sannan ta ce, "In kun gano mai laifin ku kai shi gaban bijimin, wataƙila ya rame don kunya. In ba haka ba, ku faɗa mini me ke hannunmu."

Sai ta ce da ni in ɗora babbar tukunya, in kaɗa busasshiyar kuɓewa da karkashi, kada in sa gishiri. Muka shafe bijimin da yauƙi tun daga wuya har kuturi, muka shafe bakin ƙofa. Kafin a gama gefen hagu ya lashe na dama. Da aka ja igiya, shi bai motsa ba, masu ja ne santsi ya kwashe. Alhaji, da ya matso don ya ba da umarni, ya zauna daɓas a cikin miya da babbar rigarsa.

Inna ta ce, "Sannu, Alhaji. To, yanzu mun san ba yauƙi ba ne. Saura me?"

Ƙanen Malam ya ce a hana shi abinci har ya faɗa. Alhaji, yana matse riga, ya ce shi mai ƙiba ya saya. Wani maƙwabci ya ce a yanka shi a ciki a fito da shi gunduwa-gunduwa, aka tuna masa na layya ne, da ransa ake son sa. Faɗaɗa ƙofa kuma ba ta yiwuwa, don itacen da ke kanta shi ke riƙe da rufin.

Inna ta tashi, ta fita ta zagaya bayan gida, ta dawo. Ta ce, "Bangon baya titi yake kallo. Ku fasa shi."

Malam ya ce, "Inna, ai gidan zai zama a buɗe."

Ta ce, "Matarka ta daɗe tana neman inda za ta kafa keken ɗinkinta mutane su gani. Ga shago Allah ya kawo."

Aka kawo diga. Kafin azahar an yi wawakeken rami a bango, rabin unguwa kuma ta taru a titi. Bijimin ya dubi haske, ya dubi jama'a, ya ja da baya ya manna gindinsa a kusurwa. Rabonsa da ganin sarari tun yana maraƙi. Aka ja, aka tura, aka nuna masa dusa, ko kallo bai yi ba.

Inna ta kira ni gefe ta ce, "Ke da kike shiga wurinsa kullum, me ya saba da shi ban da abinci?"

Sai na tuna da rediyo. Malam yakan rataye ta a tagar ɗakin don ɓarawo ya ɗauka mutum ne a ciki, har ta kai bijimin ba ya cin harawa sai tana magana. Aka ɗauko ta aka kunna, Malam ya riƙe ta a gaba yana tafiya da baya. Bijimin ya ɗaga kunne, ya tako a hankali, ya tsallake tarin ƙasa, ya bi ta har gindin mota. Yana sa ƙafa a kan katakon hawa batir ya mutu. Shi ma ya tsaya cak.

Ƙanen Malam ne ya haye motar, ya karɓi rediyon ya kare bakinsa da ita, ya gyara murya ya fara karanta labaran duniya daga kansa. Ya ce an yi ruwa a Mahuta, taki ya yi tsada a Funtua, shugabannin ƙasashe kuma sun yi taro sun watse. Babu wanda ya yi dariya, don kowa na tsoron kada bijimin ya gane. Ya hau. Alhaji ya ce ba zai tafi ba sai da rediyon, Malam ya miƙa masa ba musu.

Sai da muka yi kwanaki muna toshe ramin da zana kafin kafinta ya zo daga Funtua ya sa ƙofa. A ɗakin nake ɗinki har yau. An yi daɓen siminti, an yi fenti, amma da zarar damina ta sauka warin bijimin yakan taso daga bango. Na daina faɗa da shi. Nakan kunna turaren wuta tun da safe, kayan amare kuma in ɗinka su a tsakar gida.