Tandar Inna da Yafiyar Sha'aban

Matso nan kusa in ba ka labarin wani yammaci, wanda har yau ban manta da shi ba.

A Misfala, unguwarmu a Makka, zamanin da ake kawo mana ruwa a garwa, muna da wata al'ada in Sha'aban ya raba. Daga la'asar mata za su yafa mayafi su bi gida-gida neman gafara, don malamai sun ce a daren nan ake rubuta al'amuran shekara, kuma ana yafe wa kowa ban da masu riƙon juna a zuci. Ƙarami ne ke zuwa wurin babba. Babba ba ya tashi.

To, a shekarar nan ina da riƙo. Innata ta rasu ta bar mini tandar waina ta ƙasa, wadda ta ɗauko a ka tun daga gida, ta ratso Sudan da ita naɗe cikin zane, ta hau jirgin ruwa da ita a cinya. Duk Makka babu mai gina irinta. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, abokiyar tafiyar Inna, muna ce mata Gwaggo, ta ara bayan aikin hajji. Da ta tashi mayarwa, sai na tarar da tandar a bakin ƙofa cikin kwando, ta rabe gida biyu, an rufe da faifai. Ba sallama, ba sannu. Washegari ta gaishe ni tana mini zancen tsadar gawayi.

Wata da watanni ina jiran kalma ɗaya daga bakinta. Na ma shirya amsata, har ina gwada ta a bakin murhu: in ce ba komai Gwaggo, kayan ƙasa ne, dama ƙarshensa fashewa.

Da ranar rabin Sha'aban ta zo, maigidana ya dawo daga Harami ya same ni zaune ban ko taɓa mayafi ba. Na ce ai ni aka yi wa laifi. Ya ce shi bai san wannan ba, ya dai san wadda ta girmi wata, kuma rana tana tafiya.

Na je. Na same ta a kan tabarma tana shan shayi, mata na shiga suna fita. Na durƙusa na ce ta yafe mini abin da na sani da wanda ban sani ba. Sannan na jira, don a nan ne babba ke cewa ita ma a yafe mata.

Ta dafa kaina. "Na yafe miki, ya binti, duniya da lahira. Har ɗaure fuskar nan da kike mini tun bayan hajji, ban riƙe ba. Yarinta ce."

Matan da ke wurin suka yi ta yaba haƙurinta. Ta miƙo mini dabino, ta juya wurin wadda ke bayana.

Na iso gida ana kiran magariba. Na shimfiɗa abin salla, na ce ya Allah ka shaida na yafe mata. Na faɗa da Hausa, na sake faɗa da ɗan Larabcin da nake da shi. Amma ƙirjina kamar an zuba garwashi, dabinon ma kasa cinsa na yi. Ba a daɗe ba Gwaggo ta rasu. Ba ta taɓa ɗaga maganar ba, ni kuma kunya ta hana ni.

Kai da ka yi karatu, gaya mini: yafiyar da ba wanda ya roƙa, baki ya furta zuciya na tafasa, an karɓa mini ita a daren nan kuwa?