Zauren da Ya Kishingiɗa a Hoto

Jiya na bi ta zauren nan na Tudun Wada da tsohon maginin unguwarmu ya yi wa zanen keke, raina ya sake ɓaci. Bara na samo gilashin kyamara mai kwaso faɗi, na tsuguna dab da bangon na ɗauka. Da na wanke hoton, sai ga gini ya kishingiɗa! Da murnata na kai masa, yana kwaɓa ƙasa, yana warin makubar shafen bango.

"Ɗan banza, ginina ne karkatacce? Wa zai ƙara ba ni aiki?"

"Baba, gilashin ne!"

Ya tattake hoton cikin taɓo. Har ya rasu bai ƙara amsa gaisuwata ba. Allah Ya jiƙansa, Ya cire min haushinsa, don ni na kasa.