Wata Tara Ban Taka Filin Habbena Ba

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan aiki. Na daɗe ban ce komai a nan ba. Yau na samu aka kawo ni siba, wato shagon intanet, na ga saƙonninku sun taru, wasu ma suna tambayar ko na bar N'Djamena ne. Ban je ko'ina ba. A kwance nake wata da watanni.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Rakiya. Aikina koya wa malaman wasanni na lakwal, wato makarantun boko, yadda za su sa yara masu buƙata ta musamman cikin wasa, maimakon a ajiye su a inuwa suna gadin takalman 'yan uwansu. Muna sa ƙararrawa cikin ƙwallo domin makafi, muna sauke ragar kwando domin masu keken guragu. A wani fili a Habbena muke yi, duk Asabar.

Da ciwon baya abin ya fara. Na ce gajiya ce, tunda kullum ina kan babur tsakanin Habbena da Atrone. Sai zufa, sai rama, zanena ya daina zama a ƙuguna. Na sha maganin zazzaɓin sauro, na sha na taifot. Inna ta kawo mai tausa, ya danna bayan har na ciji matashi.

Wata Asabar ina nuna wa malamai yadda ake kama hannun makaho a yi gudu tare, ƙafafuna suka saki. Na zauna a ƙasa ina dariya don kada yara su tsorata. Na yunƙura, ban tashi ba.

A asibiti aka ɗebi jini, aka karɓi majina, aka ɗauki hoton baya. Likita ya ɗaga hoton a taga ya daɗe yana kallo. Ya ce tarin fuka ne ya shiga ƙashin baya, ya cinye wani wuri, yana danne jijiya. Na ce ai ni ba na tari. Ya ce ba dole sai an yi tari ba.

Na tambaye shi ko zan sake tafiya.

"Madam, ba zan yi miki alkawari ba. Ki sha magani, ki kwanta, kada ki motsa."

Maganin kyauta ne, alhamdu lillahi. Amma hoto, da rigar da ake ɗaure baya da ita, da motar kai da kawowa, duk daga aljihu. Baburina ne ya tafi a ciki. Maigidana ya rage zuwa Kuseri saro kaya, shagon ya yi sanyi.

Kullum da asuba ƙwayoyi cike da tafin hannu, kafin a ci komai. Fitsari ya koma ja. Allura har babu sauran wurin sokawa. Gado katako ne, zafi kuwa kun san na garin nan, ga wuta ba ta zama. Inna, da shekarunta, ita ke juya ni, ita ke kwashe abin da na yi. Wannan ya fi ciwon ci mini rai. Wata rana na ce ta yafe mini. Ta ce, "Na yi miki a baya, ban mutu ba. Ɗaga hannu."

Masu dubiya suna tsayawa a ƙofa su ce Allah ya sawwaƙe, su tafi. Wasu sun ji sunan cutar ba su dawo ba. Ban riƙe kowa ba, na dai gaji.

Wanda bai taɓa fashi ba shi ne Yaya Adum, shugaban ƙungiyar masu keke da muke aiki da su. Shan inna ce ta kama shi tun yana yaro. Yakan tuƙo kekensa na hannu tun daga Atrone cikin rana, ya zauna yana ba ni labarin fili da Larabci yana haɗawa da Hausarsa ta kasuwa. Bai taɓa ce mini zan warke ba. Ran da na fashe da kuka na ce idan ƙafafun ba su dawo ba fa, sai ya ce, "To sai ki shigo ƙungiyarmu, ƙanwata. Dama muna neman mai tsaron baya." Ranar na fara dariya tun da na kwanta.

Babban yatsan ƙafata ne ya fara motsi. Daga nan mai gashin ƙashi ya karɓe ni, ya koya mini zama, sannan tsayuwa tsakanin ƙarafa biyu. Na faɗi ba adadi. Yanzu ina tafiya da sanda ɗaya, ƙafar hagu tana ja.

Satin da ya wuce na koma fili. Gaskiya abin da na tarar ya karya mini gwiwa. Malaman da na horar rabi an canza musu wurin aiki, sababbin ba su san komai a kai ba. Ƙwallayen sun fashe. Yara makafi da yawa iyayensu sun daina kawo su. Malamai biyu ne suka riƙe abin, su da Yaya Adum, ba tare da ko sisi ba. Sai mun koma gida-gida muna roƙon iyaye kamar farko. Ban san ko ina da ƙarfin ba, amma Asabar mai zuwa zan je.

Na gode wa Allah. Na gode wa Inna, da maigidana, da ma'aikatan jinyar da suka jure fushina, da Yaya Adum. Allah ya saka muku.

Ciwon baya da ya zo da rama da zufa, ku je a ɗauki hoto, kada ku bari a danna shi. Idan an ba ku maganin nan ku shanye shi har ƙarshe, ko kun ji sauƙi. Idan kun je dubiya ku shiga ku zauna, ku ba marar lafiya labarin waje.

Kuma idan kun gan ni a fili zaune kan kujera ina busa usur, don Allah kada ku ce in koma gida in huta. Na huta har na gaji.