Dija da Rawar Gauraka

A wani ƙauye da ke tsakanin Bukkuyum da Gummi an yi wata mata mai suna Dija, sana'arta daddawa. Tun tana budurwa ba ta shiri da abin hawa, ko babur ta hau sai jiri ya kwashe ta. Don haka duk kasuwar da za ta ci da ƙafa take zuwa, ƙwarya a ka, sanda a hannu. Mutane na tausayinta, ita kuwa takan ce wanda ya hau babur bai ga komai ba sai ƙeyar mai tuƙi.

Halinta ɗaya ne, ratse. In ta hangi dutse, sai ta je ta ga abin da ke bayansa. Ta san dutsen da agwada ke fitowa shan hantsi, ta san kwarin da birai ke sauka cin kanya. Ta taɓa tsayawa kallon damo yana haƙa rami har kasuwa ta watse, ta komo gida da daddawarta cif. Mijinta ya yi faɗa har ya gaji, ya bar ta da halinta, a haka Allah ya yi masa rasuwa.

Wata ranar kasuwar Gummi, cikin shekarar 2012, ta zauna kusa da Bilkisu, wata Bafulatana mai nono. Cikin hira Bilkisu ta ce ai gauraka na rawa a wani tabki bayan rugarsu. Dija ta san gauraka a sama kawai, suna wucewa suna kuka.

"Rawa? Wa ka yi musu kiɗi?"

"Ba makaɗi, ba maroƙi," in ji Bilkisu. "Ki taho in ruwa ya sauka, ki gani da idonki."

Maganar nan ta tsaya wa Dija a rai. Da damina ta faɗi ta ɗaura ɗamara. Ɗanta Abdulwahabu, mai kabu-kabu, ya tare ta a zaure.

"Haba Inna! Mace da jikoki ta tafi kallon tsuntsu? Mi mutane za su ce?"

"Su ce abin da suka ga dama. Wanda ya halicce su bai hana a duba ba."

Tafiyar farko ba ta ga gauraka ba. Ta ga zalɓe, ta ga dinya, taɓo ya cinye mata takalmi ɗaya. Amma ta dawo baki har kunne, don ta ga wani ɗan tsuntsu mai dogayen yatsu yana takawa kan ganyen bado bai nutse ba. Ta yi mako tana tambayar masunta sunansa, kowa da wanda yake faɗi.

Sai da damina ta zagayo ta dace. Da hantsi, ita da Bilkisu suka laɓe cikin ciyawa a gefen tabkin, iska na kaɗa giginya. Gauraka biyu suka sauka, kowace da tukku kamar an tsefe zangarniyar gero. Ɗaya ta sunkuyar da kai, ɗayar ta rama. Can sai suka buɗe fukafukai, suka shiga tsalle suna zagaya juna, wannan ta ɗauki tsinke ta wurga sama ta cafe. Dija ta yi ta danne kanta, ƙarshe dariya ta ƙwace mata. Tsuntsayen suka tashi fir. Ta dafe kai tana salati, Bilkisu na ta yi mata tsiya har ruga.

Ganin bai kashe mata ƙishi ba, sai ma ya haifar da wata tambaya: don me suke yi? Wani masunci ya ce neman aure ne. Wani makiyayi ya ce murnar ruwa ce. Limamin ƙauyensu ya ce kowace halitta da irin tasbihinta. Dija ta karɓi duka ukun, ta ce da sauran magana.

Bayan 'yan shekaru daji ya ɓaci, hanyoyi suka daina biyuwa. Su Bilkisu suka kaɗa shanunsu suka yi kudu. Abdulwahabu ya durƙusa ya roƙi uwarsa, ga kuma ciwon gwiwa ya fara taɓa ta, ta haƙura da nisa. Yawonta ya tsaya a fadamar bayan gari.

Nan ma ba ta rasa abin kallo ba. Wani tsuntsu mai launin ƙasa ya fara tara kirare a kan gawon bakin rijiya, yana gina sheƙa kamar rumbu. Suka yi ta gardama da maƙwabciyarta Zaliha kan inda zai bar ƙofa. Dija ta ce gabas, Zaliha ta ce yamma. Da ginin ya ƙare, sai ga ƙofar daga ƙasa. Dija ta daɗe tana leƙe, ta ce, "To, ya aka yi ƙwai ba su faɗowa?" Washegari ta tafi aron tsani.