Gawon da aka hana maza hawa

Fita daga Tawa

Tun kafin kiran assalatu na ɗaure jakata. Kawu Mamman yana tsaye bakin shago da tocila, yana sake duba abin da na riga na duba.

Ga wanda bai san mu ba: Kawu ya yi aikin gidan waya har ya yi ritaya, yanzu rediyon magana yake harhaɗawa, irin wanda mutane ke kira oba-oba. Kayan suna zuwa cikin kwali, wasu ba su fi ƙwayar wake ba, mu jera su a allo mu liƙe da dalma. Tun da na gama kwaleji ni ke riƙe ƙarfen dalmar, don idonsa ya fara gajiya. Cikin waɗanda na haɗa da hannuna akwai guda a wani ƙauye can arewa da Afala, inda yayata Hadiza take riƙe da ɗakin shan magani ita kaɗai. Garin babu rezo, wato sabis ɗin wayar salula, ko ɗigo. Kullum da safe takan kira Kawu, idan akwai mara lafiya mai tsanani shi kuma ya buga wa asibiti. Sai ga shi kusan mako uku shiru. Wani direba ya kawo saƙo da baki, wai waya ta faɗo. Iyakar saƙon ke nan. Ga damina a bakin ƙofa, kuma da zarar ƙoramar da ke gaban garin ta cika, mota ba ta ƙara shiga.

"Barira," in ji Kawu, "zan bar nawa rediyon a kunne yini guda. Ke kuma ki bi su a hankali, ba a yi wa mutanen ƙauye tsawa."

"Kawu, waya zan ɗaura, ba zaman sulhu zan je ba."

A tasha na samu motar kasuwa, buɗaɗɗiya, an lafta mata buhunan gishiri da jarkoki. Direban, Illa, ya ce kuɗin zama gaba jaka biyu da rabi, bisa kaya jaka ɗaya da rabi. Na biya na gaba don kada a zauna mini kan jaka. An ce ƙarfe shida za a tashi. Sai da rana ta fito sosai muka motsa, saboda ana jiran wani mai raguna da ya tafi shan shayi.

Shingen jandarma

Da fita gari aka tsayar da mu. Kowa ya miƙa katinsa. Wani jandarma ya leƙa jakata, ya ga naɗin waya da mita da igiya, fuskarsa ta canza.

"Madam, wannan na mene ne?"

"Gyaran rediyon likita."

"Ke ce mai gyaran?"

"Ka ga wani bayana?"

Illa ya taka mini ƙafa. Na ciro takardar izinin Kawu na miƙa. Jandarman ya karanta har ƙasa, ya kira babbansu, shi ma ya karanta. Ban ga laifinsu ba, yadda arewa take yanzu, wanda ya ga irin waɗannan kaya dole ya tambaya. Suka mayar mini, babban ya ce in gai da majo, haka ake kiran mai riƙe da ɗakin shan magani irin yayata.

Afala zuwa mararraba

A Afala aka sauke gishiri, na sha fura ta dala ashirin a tsaye. Daga nan hanya ta zama dutse da rairayi. Kusan azahar Illa ya taka birki a wata mararraba da babu komai sai aduwa guda.

"Nan ne. Ki jira, amalanke ba ta rasawa."

Na jira har na fara zagin aduwar. Can sai ga wani mai rawani da amalanken jakai, Agali sunansa, yana komawa da dusa. Ya ce ba ya karɓar kuɗin ƙanwar majo, don majon ce ta ɗinke masa ƙafa bara. Muka gangara ƙorama, busasshiya tukuna, amma gabas ta yi baƙi. Ya nuna mini hadarin da bulala.

Ƙauyen

Hadiza ta rungume ni, na ture ta na shige ɗaki. Rediyo lafiya lau, batir cike, panon hasken rana yana aiki. Wayar eriya kuwa, wadda ya kamata ta miƙe daga rufin ɗakin zuwa reshen wani dogon gawo, ga ta an naɗe ta tsaf an rataye a ƙusa. Rana ta cinye igiyar, iska ta ƙarasa.

"Yaya! Saboda igiya? Mako uku? Garin nan babu mai hawa itace?"

"Ki rage murya. Dubi inda gawon yake."

Na duba. Yana jingine da katangar wani gida, wanda ya hau zai ga tsakar gidan har bakin randa. Gidan Isufu ne. Shi ya hau da kansa ya ɗaura wayar farko, sannan ya tafi cin rani Abijan kamar rabin mazan garin. Ya bar matarsa Zainabu da tsohuwarsa, Inna Tabawa. Ita kuwa Inna ta ce namiji ba zai hau ya leƙa gidan ɗanta ba sai ɗanta ya ce. An ce mata su shiga ɗaki har a sauko, ta ce a'a. Maigari ya zo, ta ce a'a. An gwada jifa da dutse ɗaure da igiya, ƙaya ta riƙe. A tambayi Isufu kuma, babu rezo.

"Ba shi ne babban abin ba," in ji Hadiza. "Zainabu na da ciki wata takwas. Ƙafafunta sun kumbura, jininta ya hau, tun jiya tana cewa tana ganin wuta-wuta. Wannan ba aikina ba ne, na Tawa ne. Kuma ba zan ɗora ta a amalanke ba."

"Ba ni wandon aikinki."

"Barira..."

"Ba ni."

Na tarar da Inna Tabawa bakin zaure tana tsinkar zogale. Na durƙusa na gaishe ta kamar yadda aka koya mini, amma ban ja ba.

"Inna, kin ce namiji ba ya hawa. Ni ba namiji ba ce."

Ta dube ni daga ɗankwali zuwa koren wandon da ke leƙowa ƙarƙashin zanena.

"Wagga ɗiyar wa ce? Ke, budurwa bisa icce? Wa za ya ɗauke ki bayan wanga?"

"Wanda bai ɗauke ni ba ya huta. Ɗanki ya hana mata hawa?"

Ta juya ganye a hannu.

"Bai hwaɗi hakanan ba."

"To shi ke nan."

"In kin hwaɗo, ni ban gani ba."

Na cire zane na ɗaure shi a ƙugu, na rataya igiya a wuya. Maza da ke zaune gindin masallaci suka juya baya, wasu da gaske, wasu da rabin fuska. Gawo ba abin wasa ba ne. Ƙayarsa fara ce, tana shiga ba sallama, kafin in kai reshe na biyu tafin hannuna ya jiƙe. Wata mata ta yi ta salati a ƙasa kamar an riga an ɗauko gawata. Da na kai reshen da tsohuwar igiya ke lilo, na ga tsakar gidan da ake ta karewa: turmi, awaki biyu, da Zainabu kwance a tabarma ta ɗora hannu a goshi. Ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Ban ɗaura wayar a reshe ba. Zoben ƙarfe na ɗaure, na zura sabuwar igiya ta ciki na saki bakinta biyu ƙasa, yadda ko ta sake faɗowa daga ƙasa za a ja ta kamar guga. Na sauko, muka ɗaura waya, Hadiza ta ja, ta miƙe.

La'asar ta yi lokacin da na danna maɓallin magana.

"Tawa, Tawa, Barira ce. Kawu, kana ji na?"

Shuuu kawai. Na juya abin neman tasha kaɗan, na sake.

"Ina jin ki sarai," in ji Kawu. "Kin yi wa wani tsawa?"

Hadiza ta ƙwace abin magana ta zayyana masa komai. Ya ce mu jira. Da ya dawo ya ce motar asibiti ta fita wani gari, amma da asuba za ta kamo hanyarmu.

Na ɗauka an gama. Sai ga Inna a bakin ƙofa ta ce ba a fita da matar ɗanta zuwa birni sai ɗanta ya ce. Na ji kaina ya yi zafi, na buɗe baki, Hadiza ta matse mini hannu daidai inda ƙaya ta shiga. Zafin ne ya sa na yi tunani. Na aika aka karɓo lambar Isufu daga wayar Zainabu, wadda ba ta da aiki a garin sai haska ɗaki. Na karanta wa Kawu, na ce ya kira Abijan ya kara wayarsa a bakin rediyo.

Muryar ta zo a shaƙe, da ƙarar motoci a bayanta. Inna ta ja da baya, sannan ta matso har goshinta na taɓa akwatin.

"Isuhu? Kai ne? Kana lahiya? Ina gajiya? Kuna samun ruwa can? Ina 'yan garinmu?"

"Inna," na ce, "ba ya jin ki sai na danna. Kuma kuɗin wayar Kawu ne ke tafiya. Ki faɗi maganar."

Ta harare ni, na danna, ta faɗa. Na saki maɓalli.

"Inna, a kai ta!" in ji Isufu. "Don Allah a kai ta yanzu! Mi kuke jira?"

Ta goge ido da bakin mayafi. "To, shi ya ce," ta faɗa wa ɗakin baki ɗaya, ta fita haɗa kaya.

Komawa

Da daddare an yi yayyafi, na kwana ina sauraren rufi. Motar ta iso da hantsi, tayoyinta duk laka. Direban ya ce ruwa ya fara bin ƙorama, mu yi sauri. Aka kwantar da Zainabu, Inna ta zauna wajen kanta da ƙullin kaya, ni a gefen ƙofa. Hadiza ta tsaya, ba ta barin ɗakinta. A ƙorama ruwan ya kai rabin taya, motar ta yi gunji ta haye. A shinge ba a tsayar da mu ba, hannu kawai aka ɗaga.

Kafin azahar muna Tawa. Aka shige da Zainabu, aka rufe mana ƙofa. Inna ta kamo hannuna ta juya shi, ta ga ramukan ƙaya, ta ce in sa man shanu, kuma in rage baki. Washegari Zainabu ta sauka, ɗiya mace, ƙarama amma tana kuka da ƙarfi. Kawu ya faɗa wa Hadiza ta rediyo, ita kuma ta ce ƙorama ta cika tun daren jiya.

Na ce wa Kawu daga yau duk rediyon da zai bar shagon nan, da zobe da igiya doguwa zai tafi, kuma ni zan zaɓi inda za a ɗaura. Ya ce ya ji.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Illa, da Agali, da direban da bai ji tsoron ruwa ba. Inna Tabawa ma na gode mata, don da ta ce mata ma ba sa hawa, da na hau duk da haka, kuma da yanzu ba ma gaisawa.